Babi na Shida: Kurakuran Mai Gida Idan Kasuwa Ta Juya

Ga mafi yawan magidanta a ƙasar Hausa, gida shi ne babbar kadarar da mutum zai mallaka a rayuwarsa, kuma da wuya ya sayar da irinta fiye da sau ɗaya ko sau biyu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana ciniki tun safe har magariba, idan ya faɗi a wannan ya mayar a wancan. Mai sayar da gida ba shi da wannan damar. Ciniki ne da bai saba ba, waɗanda zai zauna da su kuwa, dillalai da masu sayen gidaje, sana'arsu ke nan. Kuskure ɗaya ya isa ya cinye gumin shekara ashirin.

A lokacin da kasuwa take kwance, irin wannan kuskure yakan zo da sauƙi. Idan mutum ya sayar ƙasa da daraja kaɗan, ko ya yi jinkirin wata uku, asarar ba ta kai ta kawo ba. Amma idan kuɗin da kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ƙaramin sakaci sai ya zama babbar asara. Abin da wannan babi yake so ya tabbatar a zuciyar mai karatu shi ne, yawan miliyoyin da aka ambata ba shi ne ma'aunin ciniki ba. Ma'aunin shi ne abin da kuɗin zai iya saya ranar da ya shigo hannu, da kuma ko cinikin zai tsaya da ƙafarsa idan wani ya ja.

Abin da ya sauya tun 2023

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta tashi daga kashi 22.41 cikin ɗari a Mayun 2023 zuwa kashi 34.80 a Disambar 2024. Don ya taka mata birki, Babban Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa har zuwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024.

Wannan ya taɓa kasuwar gidaje ta fuska biyu masu karo da juna. Ta fuska ɗaya, gini ya yi tsada. Buhun siminti da yake wajen naira 5,000 a tsakiyar 2023 ya haura 10,000 a garuruwa da dama a farkon 2024, rodi da kwano da tayil ma suka bi sahu. Wannan yana ɗaga darajar ginannen gida. Ta ɗaya fuskar kuma, aljihun masu saye ya motse. Ma'aikacin da yake tari don sayen gida, abinci da kuɗin mota da kuɗin makaranta sun cinye tarin. Bashin banki kuwa, ko ga wanda bai damu da batun ruwa ba, ya fi ƙarfin talaka. A Najeriya dama yawancin gidaje da kuɗi hannu ake sayensu, don haka idan kuɗi ya yi ƙaranci a hannun jama'a, masu taya gida sai su ragu.

To, ga gida ya ƙara daraja a takarda, ga masu saye sun yi ƙaranci a zahiri. A tsakanin waɗannan biyu ne masu gidaje suke tuntuɓe.

Yanka farashi daga zuci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai gida ya zauna shi kaɗai ya yanka wa gidansa kuɗi. Wani yana lissafa abin da ya kashe tun daga tonon harsashi. Wani yana lissafa bukatar da ta taso masa, bashi ne ko aurar da 'ya'ya ko jarin kasuwa, sai ya ɗora wa gidan nauyin biyanta. Wani kuma ya ji an ce gidan maƙwabcinsa miliyan sittin, sai ya ce ai nasa ya fi ɗakuna.

Mai saye babu ruwansa da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi abin da yake dubawa, da wannan kuɗin me zai samu a wani layin. Kuma miliyan sittin ɗin da aka ji, sau da yawa kuɗin da aka sa wa gidan ne, ba wanda aka sallama ba. Tsakanin abin da mai gida ya ambata da abin da aka ƙirga masa akwai rata, ratar kuma ba a cika faɗinta a majalisa ba, domin babu mai son a ce ya karyar da gidansa.

Hanyar da ta dace ita ce a nemi labarin gidaje uku ko huɗu da aka riga aka sayar a unguwar cikin wata shida da suka wuce, masu kama da naka wajen girman fili da irin gini da takarda. Wata shida, domin a irin wannan kasuwa farashin bara tarihi ne. Idan gidan babba ne, kamar na Nasarawa ko Bompai a Kano, ko Malali da Unguwar Rimi a Kaduna, kuɗin da za a biya ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje wanda yake da rajista ba asara ba ne. Rubutaccen ƙiyasi yana ba mai gida abin dogaro idan an zauna ciniki.

A kuma sani, babu kasuwar gidaje guda ɗaya ko a cikin gari ɗaya. Sabon titi yana iya ɗaga unguwa cikin shekara. Rashin tsaro yana kashe kasuwar gefen gari, ya kuma cika tsakiyar gari da masu neman mafaka. Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, bayan fashewar madatsar Alau, ta sa mai saye ya fara tambayar inda ruwa ya kai kafin ya tambayi yawan ɗakuna. Abin da ake yi a Gwarimpa ba shi ake yi a Rijiyar Zaki ba.

Illar tsawwalawa ba ta tsaya ga jinkiri ba. Gidan da ya shekara a bakin dillalai yakan yi baƙin jini. Mutane sai su fara tambaya ko rigimar gado ce a kansa, ko takardarsa ce ba ta da kyau. Masu saye na gaske sukan zo ne a makonnin farko. Wanda ya kore su da "albarka" ba tare da ya saurara ba, bayan shekara yakan sallama ƙasa da tayin da ya raina, ga kuma kuɗin ya rage ƙarfi.

Ruɗuwa da yawan miliyoyi

Wannan kishiyar na farko ne, kuma ya fi shi ciwo. Mutum ya sayi gida miliyan takwas shekara goma da suka wuce, yau an taya miliyan talatin, sai ya ga kuɗinsa ya ninka kusan sau huɗu, ya sallama tun kafin ya san inda zai koma.

Bari mu yi lissafi da misali. Wanda ya karɓi miliyan 30 a Mayun 2023, kuɗinsa ya kai wajen dala 65,000 a farashin hukuma, ko buhun siminti 6,000. Idan ya ajiye shi a banki yana neman fili a hankali har Fabrairun 2024, miliyan 30 ɗinsa tana nan ba ta ragu da ko sisi ba, amma ta koma wajen dala 20,000, ko siminti buhu 3,000. Babu wanda ya sace masa komai, duk da haka rabin gidansa ya tafi.

Saboda haka tambayar farko ba "nawa za a saya?" ba ce. Tambayar ita ce, "idan na sayar, me zan mayar a gurbinsa, kuma nawa yake yau?" Mai niyyar sayen ƙaramin gida ya rage da jari, ya fara samun gidan, ya san kuɗinsa, ya yi ƙoƙarin haɗa cinikin biyu cikin mako ɗaya ko biyu. Mai niyyar yin gini ya kira magini ya yi masa lissafi da farashin yau, ya ƙara wani kaso saboda abin da ka iya tasowa, kuma da zarar kuɗi ya shigo ya sayi kayan da ba sa lalacewa, kamar rodi da kwano. Siminti shi ba ya son dogon ajiya, musamman da damina. A sa kuɗin hayar da iyali za su zauna kafin a gama ginin a cikin lissafi. Magidanta da yawa sun fita daga gidan kansu da niyyar haya ta shekara ɗaya, suka dawwama a cikinta, kangon da suka fara yana tsaye a iya linta.

Biya kaɗan-kaɗan ba tare da sharaɗi ba

Idan kuɗi ya yi wuya, mai saye yakan ce zai ba da rabi yanzu, sauran "nan gaba kaɗan". Sayarwa da jinkirin biya halal ce, wani lokaci ma ita kaɗai ce mafita. Kuskuren shi ne barin ta ba rana, ba rubutu. A hauhawar kashi 34.8 cikin ɗari, miliyan 10 da aka jinkirta shekara guda ba ta wuce ƙarfin miliyan 7.4 ba ranar da za a biya ta. Mai saye da yake jan ƙafa, ko da gangan ko ba da gangan ba, ragi yake samu daga aljihun mai gida.

Idan za a yi haka, a yanka farashin tun farko da sanin cewa biyan na jinkiri ne, domin bayan an ƙulla ba a ƙara wa bashi komai. A rubuta ranar kowane biya. A rubuta abin da zai faru idan an saɓa: za a warware cinikin ne, kuma yaya za a mayar da abin da aka karɓa. A fayyace matsayin kafin alƙalami, da kwanakin da za a jira kafin mai gida ya sami 'yancin sauraron wani. Makulli da ainihin takardu kuwa su zauna a hannun mai gida ko lauyan da aka amince da shi har sai an cika. Wanda ya riga ya tare da iyalinsa, fitar da shi sai kotu, kotu kuma ba ta gaggawa.

Raina batun takarda

A da, shaidar mai unguwa da sa hannun dattawa biyu sun wadatar a unguwanni da yawa. Yanzu mai saye da zai zuba miliyoyi yana zuwa da lauya. Rushe-rushen da aka yi a Kano a Yunin 2023, a Filin Idi da harabar tsohon otal ɗin Daula, da waɗanda ake yi a Abuja lokaci-lokaci, sun koya wa kowa tambayar asalin fili kafin ya kalli fenti.

Tushen maganar shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, wanda satifiket ɗin da aka fi sani da C of O yake tabbatarwa. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya soke duk cinikin da ya saɓa wa dokar. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta rushe wata jingina saboda rashin wannan amincewar. Nauyin neman amincewar, bisa lafazin dokar, yana kan mai riƙe da haƙƙin, wato mai sayarwa, ko da yake a aikace mai saye ne yakan yi zirga-zirgar.

Abin da wannan yake nufi ga mai gida shi ne ya fara da ofishin ƙasa kafin ya kira dillali: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ko ma'aikatar ƙasa ta jiharsa. Ya duba ko sunansa ne a fayil ko har yanzu sunan wanda ya sayar masa. Ya biya bashin harajin fili idan akwai. Idan takardar tana banki a jingine, ya faɗa tun farko. Idan filin awon igiya ne, ya tattara duk takardun cinikin da suka gabata tun daga mai gonar, ya kuma karɓi gaskiya cewa gidansa ba zai yi kuɗin na awon gwamnati ba. Ciniki da yawa sun mutu a makon ƙarshe, ba don kuɗi ba, sai don wata takarda da mai gida ya san babu ita amma ya yi shiru.

Gidan gado

Babban kaso na gidajen da ake sayarwa a tsofaffin unguwanninmu na gado ne, kuma nan ne zumunci yake yawan tsinkewa. Babban wa ya kira dillali, ya karɓi kafin alƙalami, sannan ya sanar da ƙannensa mata da suke gidajen aure. Girma ba ya ba mutum ikon sayar da rabon wani. Kowane magaji, mace ko namiji, na kusa ko wanda yake ƙasar waje, sai ya yarda ko ya wakilta wani a rubuce. Idan akwai marayu ƙanana, a bi ta gaban alƙali domin a kare rabonsu, a kuma kare masu sayarwar daga zargin gobe.

Akwai kuma haƙƙin shuf'a, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba sai a kotu. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon karɓe kason a kan kuɗin da aka sayar. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, abokin tarayya ne yake da shi, kuma ba ya faɗuwa nan take. Mai saye mai wayo ya san haka, shi ya sa yake karya farashin gidan da bai ga sa hannun kowa ba. A fara yi wa 'yan'uwa tayi. Idan ba su iya ba, su rubuta cewa sun yafe.

Sakin gida ga kowane dillali

Dillali na gari alheri ne. Ya san wanda yake da kuɗi a hannu, ya san abin da aka sallama a layin baya. Matsalar tana farawa ne idan mai gida ya faɗa wa dillalai goma, yana ganin haka zai sa a yi sauri. Kowanne sai ya ɗora nasa, ya miƙa wa yaransa, su ma su ɗora. Gidan miliyan 25 sai ya yi ta yawo a WhatsApp da farashi huɗu, har miliyan 33. Mai saye ya ga haka ya tsorata, mai gida kuma yana zaune yana mamakin shirun.

A zaɓi dillali ɗaya ko biyu da aka san ofishinsu da mutuncinsu. A rubuta farashi, a rubuta la'ada nawa ce da wanda zai biya ta, a sa wa'adi. Sannan mai gida ya dage sai ya zauna da mai saye ido da ido kafin a sa hannu, ya ji da kunnensa nawa ake biya. Dillalin da ya ƙi haɗa su, akwai abin da yake ɓoyewa. Haka kuma kada mai gida ya yarda a kawo masu tayin ƙarya don a zuga mai saye. Shari'a ta hana, kuma idan asiri ya tonu mai sayen gaske ne yake tafiya.

Ɓoye aibi da gyaran da ba ya dawowa

Da rani kowane rufi lafiyayye ne. Mai gida ya shafe tabon yoyo da fenti, ya yi shiru a kan sokawe da take cika, ko ruwan da yake kwanciya a tsakar gida duk watan Agusta, ko tulin bashin wuta. Wannan algus ne, kuma a fiƙihu mai saye yana da zaɓin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Aibin da aka faɗa da baki ragi kaɗan yake jawowa. Wanda aka gano daga baya shari'a yake jawowa, da zubewar mutunci a unguwar da mutum ya tsufa a cikinta.

Wasu kuma wuce gona da iri suke yi. Su ci bashi su sa tayil mai tsada da silin na zamani, suna zaton za su mayar ninki. Da tsadar kaya ta yanzu, da wuya irin wannan kuɗin ya dawo, mai saye ma wataƙila fasa shi zai yi ya sa wanda yake so. Gyaran da yake biya shi ne mai arha: toshe yoyo, gyara famfo da ƙofofi, yashe kwata, kwashe tarkace, fenti mai sauƙi.

Idan akwai 'yan haya, a tuna suna da haƙƙi. A yawancin jihohi mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata shida, sai in yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu dabam. Kada a yi wa mai saye alkawarin gida babu kowa nan da wata ɗaya alhali ba a ko sanar da mutanen ciki ba.

Ranar biya

Kuɗin gida ba a karɓarsa a buhu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 sai ta banki, kamfani kuma miliyan 10. Ban da doka, akwai jabun kuɗi, akwai ɓarayi. Saƙon waya ma ba shaida ba ne, domin ana ƙirƙirar na bogi. Mai gida ya tabbatar daga bankinsa cewa kuɗin ya zauna a asusunsa kafin ya sa hannu a takardar ƙarshe. Ya ɗauki lauyansa na kansa, kada ya dogara da na mai saye. Ya kuma cire la'ada da kuɗin lauya da duk harajin da ya hau kansa tun a lissafin farko, domin abin da ya rage bayan an cire su shi ne ainihin kuɗin gidansa.

Duk waɗannan kurakurai uwarsu ɗaya: fita kasuwa kafin a shirya. Mai karatu, idan kana da niyyar sayar da gida, kada ka kira dillali sai ka amsa tambaya uku a rubuce. Me ya sa zan sayar, kuma ba wata hanyar? Takarduna da yardar duk mai haƙƙi sun cika? Ina kuɗin zai tafi a makon da ya shigo? Idan ɗaya daga ciki ba ta da amsa, ka dakata. Gida yana iya jiran wata uku ba tare da ya ragu ba, amma kuɗin da ba a shirya masa wuri ba kullum raguwa yake yi.